Yaɓen Siminti A Kan Bangon Laka: Abin Da Binciken Kayan Gini Ya Nuna

Tun bayan daminar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a Nijar, jihar Maraɗi kuma ta fi kowace jiha rashi, magana ɗaya ke yawo a kasuwanni da majalisu daga Tasawa har Mayahi: wai zamanin ginin laka ya wuce. Da tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a farkon watan Satumban shekarar, sai maganar ta ƙara ƙarfi. A ƙauyuka irin na Baudeta, inda galibin jama'a a ɗakin ƙasa suke kwana, buhun siminti kuwa sai an sayar da gero ko akuya, mutane sun samo hanyar tsakiya: a bar bangon laka yadda yake, a yaɓe shi da siminti ta waje. Mai gida ya ga bango ya yi sumul, hankalinsa ya kwanta. Alhali sau da yawa wannan yaɓen ne ke gaggauta faɗuwar bangon.

Masu binciken kayan gini sun daɗe da auna ƙarfin birgin laka. In ya bushe sarai, kowane santimita murabba'i ɗaya nasa yana ɗaukar kimanin kilo 10 zuwa 20 kafin ya farfashe. Bango mai tsawon mita 3 kuwa, nauyin da yake danne gindinsa da shi kusan rabin kilo ne a kan wannan santimitan. Ko an ɗora rufin azara da ƙasa, da sauran rata mai yawa. Ke nan busasshen bangon laka ba ya faɗuwa don rashin ƙarfi. Ruwa ne ke kayar da shi, kuma yadda ruwan ke yi shi ne abin da ya kamata kowane magini ya fahimta.

Ƙasar gini haɗi ce ta yashi da laka. Yashi ke ɗaukar nauyi, laka ke riƙe yashin. Ƙwayar laka ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma falle-falle take. Binciken da cibiyar CRATerre ta birnin Grenoble a Faransa, wadda aka kafa a 1979, ta yaɗa ya nuna cewa ko a bangon da muke cewa ya bushe akwai ɗan danshi siriri tsakanin waɗannan fallayen, shi ne ma ke jan su suna manne da juna. Idan ruwa ya yi yawa sai ya cika tsakaninsu, fallayen su buɗe, lakar ta kumbura, su fara zamewa kan juna. Birgin da ya jiƙe har ciki yakan rasa mafi yawan ƙarfinsa. Amma ruwan da ya bugi bango na awa ɗaya ko biyu fatarsa kawai yake jiƙawa, rana na fitowa ya bushe, ƙarfinsa ya dawo. Haɗarin yana ga ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita.

A nan yaɓen siminti ke yin ɓarna. Laka tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani. Siminti da zarar ya sandare ba ya bin ta, kuma ba ya kama jikinta da gaske. Shekara ɗaya ko biyu sai yaɓen ya yi ƴan tsage-tsage, ya rabu da bango ta ciki. Ƙwanƙwasa shi da yatsa za ka ji yana amo. Hadarin da ke tasowa daga gabas ya kaɗo ruwa, ruwan ya bi tsagar ya gangara bayan yaɓen. Ta ƙasa kuma bangon yana tsotsar danshin da ya kwanta a gindinsa. Duba randar ƙasa: gumin da take yi ta jikinta shi ne lafiyarta, iska na kwashewa tana sake fitarwa. Bangon laka haka yake fitar da danshinsa. In ka rufe masa jiki da abin da iska ba ta ratsa shi sosai, ruwan ya zauna ciki yana narkar da shi a ɓoye. Bangon da ba a yaɓe ba, ciwonsa a fili yake, mai gida ya gani ya gyara. Wanda aka yaɓe kuwa yana nan da kyaunsa har daren da zai zube kan masu barci.

Wannan ba ya nufin siminti ba shi da wuri a gidan laka. Wurinsa ne aka sauya masa. Buhunan da za a ɓatar wajen yaɓe ɗaki duka, da an zuba su a tushe da sun fi amfani: a gina harsashi da dutse ko bulo har ya ɗaga santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa don yanke tsotson danshi, sannan a ɗora birgin laka. A yi wa gindin bango gangare ruwa ya gudu. A sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma duba shi kafin ruwan fari. In rufin kwano ne, a bar masa baki ya zarce bango.

Hanya ta biyu ita ce a sa simintin cikin ƙasar tun wajen kwaɓi. Kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ya isa, a cakuɗa da ƙasa mai ɗan danshi, a matse a injin hannu irin Cinva-Ram da aka ƙirƙiro a Kolombiya a shekarun 1950, a lulluɓe birgin da leda na ƴan makonni don simintin ya nuna. Matsewar tana toshe ƙofofin da ruwa ke bi, simintin kuma ya ɗaure ƙwayoyin yadda ba za su narke ba. Siminti ya fi jituwa da ƙasa mai yashi, abin da ba mu rasa ba a jigawar Tasawa da Mayahi, inda lakar ce ma ake nema a tabki da fadama. Da irin wannan birgi mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka gina gidaje masu bene a Yamai a 2016, sannan ita da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci lambar yabo ta zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, da irin wannan birgi ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001. Duk wanda ke cewa ginin ƙasa na matsiyata ne, ya je Dandaji ya gani.

Kakanninmu ma ba su bar bango tsirara ba. Suna da makuba daga ɓawon ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Masu bincike a jami'ar Wagadugu sun gwada ruwan ɓawon ɗorawa a kan jar ƙasa, suka ga sinadarin tanin mai bauri da ke cikinsa yana kama ƙarfen da ke cikin ƙasar, haɗin ya ƙara mata ƙarfi da jure ruwa. Irin wannan yaɓe yana motsi tare da bango, yana kuma barin danshi ya fita. Laifinsa ɗaya: sai an riƙa sabunta shi. Ɗorawa ta yi ƙaranci a arewa, amma bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin. Wannan aiki ne da ke jiran Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi: a ɗebo ƙasar Baudeta, da ta Gulbin Kaba, a gwada, a faɗa wa magina da Hausa wace ƙasa ke son wane haɗi.

Kada kuma a manta da abin da za a rasa in aka guje wa laka. Bango mai kaurin santimita 40 yakan jinkirta zafin rana kusan rabin yini kafin ya ratsa ciki. Ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu, a ƙauyen da ba wuta balle fanka, tsofaffi da jarirai ne ke fara shan wahalarsa.

Rabon buhunan shinkafa da barguna bayan ambaliya alheri ne, amma ba ya hana ɗaki faɗuwa baɗi. Ana yanka filaye a hanyar ruwa, ana cike kududdufai a yi gini a kai, ba wanda ke tsawatawa. A irin wannan wuri ko bulo ba ya tsira. Mu ma jama'a mun yi sake da gyaran rani da iyayenmu ba sa fashinsa. Tun 1980 aka fara koyar da ginin ɗaki ba itace a ƙauyen Chikal, aka horar da magina da dama a ƙasar nan, abin da ya nuna maginin ƙauye yana karɓar sabon ilimi in an kai masa. Magadan gari su tara maginan yankunansu da rani a koya musu tushe da indararo da haɗin ƙasa, a sayi injin matse birgi ko ɗaya ne a kowace ƙaramar hukuma. Mai gidan da ya riga ya yaɓe kuwa, ya bi bangonsa da ƙwanƙwasa tun yanzu. Inda ya ji amo ya ɓamɓare, ya bar wurin ya bushe, ya gyara da laka kafin hadari ya haɗo.