Maganar hannu ita ma harshe ce

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin kurame biyu suna hira a kasuwar Dakoro? Hannuwa na tashi, fuska na motsi, can sai dariya. Wasu na cewa nune-nune ne kawai. A'a, ba haka ba ne. Magana ce sosai mai ƙa'ida. Sunanta maganar hannu.

Ka tuna abin da muka koya a aji. "Baki" daban, "baƙi" daban. Ƴar lanƙwasa ce ta raba su. To, haka siffar hannu take. Dunƙule hannu daban, buɗe tafi daban, miƙa yatsa ɗaya daban. In siffa ta sake, ma'ana ta sake. Wurin da aka kai hannu ma yana da aiki: goshi ne, baki ne, ko ƙirji.

Sai kuma filin da ke gaban mai magana. Wannan fili shi ne allonsa. A ce yana ba da labarin Audu da Tanko. Sai ya aje Audu a dama, Tanko a hagu. In ya nuna dama, Audu ke nan, ba sai ya maimaita suna ba. In alamar bayarwa ta tashi daga dama zuwa hagu, Audu ne ya ba Tanko. In ta juyo, Tanko ne ya ba Audu. Ka gani, in zancen bashi ne, wanda bai lura ba sai ya ɗora ma mai gaskiya laifi. Fuska kuwa ita ke nuna tambaya ko mamaki.

Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Kuramen Ostareliya suna da tasu, ana ce mata Auslan. Na Amurka ma suna da tasu. Ta ƙasar Hausa kuwa, wata Bajamusa, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano. Littafinta ya fito a shekarar 2000.

In da kurma a gidanku, kar a ɗauke shi wawa. Ka tsaya gabansa, inda akwai haske. Ka dubi hannunsa da fuskarsa. Kar ka riƙe masa hannu yana magana, kamar toshe masa baki ne. Jiya ba ka iya karatu ba, yau ga shi kana yi. Wannan ma za ka iya koyo, kuma malaminka na nan cikin gida.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin siffar hannu?
2. Yaya za ka gane wanda ya ba wani?