Abin da Ke Sa Wasan Minecraft Yin Nauyi a Sabuwar Ƙasa

Duk wanda ya lura da wasan kwamfuta mai suna Minecraft, wanda Markus Persson, mutumin ƙasar Suwidin, ya fara fitarwa a shekarar 2009, ya san cewa muddin mai wasa yana zaune a gidan da ya gina, galibi kome sumul yake tafiya, amma da zarar ya nausa dajin da bai taɓa takawa ba, sai hoto ya shiga tsinkewa, dabbobi su ƙame, wani lokaci ma tubalin da ya fasa ya koma gurbinsa.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, ƙasar wasan, wadda ta kai kimanin tubali miliyan 30 daga tsakiya zuwa kowace fuska, ba a shirye take ba. Lamba guda ake farawa da ita, ana ce mata iri, daga gare ta na'ura take fitar da tuddai da koguna da kogwanni, bisa hisabin da Ken Perlin ya ƙago a farkon shekarun 1980, kuma ba ta yin haka sai matafiyi ya kusato. Yanki-yanki ake aikin, kowane yanki tubali 16 tsawo, 16 faɗi. Tun daga gyaran da aka yi wa wasan a Nuwamba 2021 tsayin yankin ya tashi daga 256 zuwa 384, watau gurbi 98,304 ke nan, kowanne wajibi ne a hukunta ko dutse ne, ko ruwa, ko iska, sa'an nan a dasa itatuwa, a binne ma'adinai, a lissafta inda haske zai kai.

To, ƙa'idar wasan ita ce ya sabunta duniyarsa sau 20 cikin kowane sakan, saboda haka idan ginin ƙasa ya cinye ƙarfin na'ura har wa'adi ya wuce, lalle ne sauran lamura su jira. Mai wasa shi ma yana da nasa alhaki, domin wanda ya sa nisan gani a yanki 10 yana ɗora wa na'ura yanki 441, amma in ya ninka zuwa 20, sai adadin ya haura zuwa 1,681. Da aka ƙara fikafikan tashi a 2016, sai matafiyi ya riƙa rigan mai shimfiɗa masa ƙasa, balle a ce mutum goma ne cikin duniya guda, kowa ya kama gabansa.

A ganina, dabarar masu kula da manyan duniyoyin haɗaka ta fi sayen sabuwar na'ura ma'ana: sukan kafa iyaka, su bar kwamfuta ta gina dukan abin da ke ciki tun kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ko da yake ƙasar da aka gina takan ci wuri mai yawa a ma'ajiya.