A Daina Zargin Zakaran Maƙwabta

Masu kiwon bantam, ƙananan kajin nan na ƙawa, ba su da wuyar zargi. Mutum ya haɗa zakara ruwan toka da kaza ruwan toka, ya ƙirga kwana 21, sai ga baƙin ɗan tsako, ga wani fari mai ɗigo-ɗigo. Sai ka ji an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ana hararar dangar maƙwabci.

Zargin bai rasa madafa ba. Kaza na iya riƙe maniyyin zakara mako biyu ko fiye, kuma na sha ganin zakara ya haura danga ba sallama. Amma a wannan shari'ar na wanke shi. Tokar nan baƙi ne da ƙwayar gado ɗaya ta tsarma. In ƙwayar ta zo biyu, daga uwa da uba, sai ta wanke gashin, ya koma fari da ɗigon toka. Don haka toka da toka, a bisa ƙiyasi, rabin 'ya'yan ne ke fitowa toka, kwata baƙaƙe, kwata farare. William Bateson da Reginald Punnett sun bi wannan lissafi a Kambirij, farkon ƙarni na 20, a kan kajin Andalus. Mai son toka zalla sai ya haɗa baƙi da farin mai ɗigo: 'ya'yan kaf ɗinsu toka, ba mai kama da iyayensa.

Ina ƙaunar maganar nan ta kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai a akurki tana shan kaye. Ɗauki Sebright, wadda Sir John Sebright ya samar a Ingila farkon ƙarni na 19, kowane gashinta da baƙin zagaye a gefe kamar an bi shi da tawada. (Zakaranta ma gashin mata gare shi, ba doguwar wutsiya mai lanƙwasa, amma tunda Allah ya nufe shi da cara, yana yi.) Ka ba zakara ruwan zinariya kaza ruwan azurfa: matan su fito zinariya irin uban, mazan azurfa irin uwar. Launin yana kan zaren gadon da ake kira Z. Zakara na da biyu, kaza ɗaya, nata kuwa 'ya'ya maza kaɗai take ba, kuma azurfa na danne zinariya.

Da haka masu kiwo ke rabe mace da namiji tun ranar ƙyanƙyasa. Kada dai ka juya haɗin, don tsantsar zakaran azurfa da kazar zinariya 'ya'yansu duka azurfa suke fitowa.