Yadda ake auna kalsiyam a cikin ƙwayar jini

Mutumin da aka taɓa ɗibar jininsa don ƙidayar CD4 mai yiwuwa ya riga ya yi hulɗa da fasahar da turawa ke kira flow cytometry. Na'ura ce mai jera ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya cikin siririn ruwa, su ratsa hasken leza, dubbai a cikin daƙiƙa guda.

Ba ƙidaya kaɗai take yi ba, har kalsiyam na cikin ƙwaya tana aunawa. Ƙwayar da ke hutawa kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, na wajenta ya ninka shi kusan sau 10,000. Da zarar farar ƙwayar garkuwar jiki ta gamu da abokin gaba, sai kalsiyam ɗinta ya tashi nan take.

Don a ga tashin, ana shayar da ƙwayoyin rini kamar Indo-1, wanda Roger Tsien da abokan aikinsa suka samar a 1985. In ya kama kalsiyam, haskensa yakan juya daga shuɗi zuwa shunayya. Akan fara auna ƙwayoyin suna kwance, a zuba abin tsokana, a ci gaba da aunawa. Aikin na son sauri, domin rinin yakan zurare daga ƙwaya idan aka yi jinkiri.