Labarin Toshiyar Kwalaba

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa riƙe ɗan abin nan marar nauyi, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda a ke toshe bakin kwalabar magani ko ta turare da shi. In an matsa shi da yatsa sai ya lotsa, in an saki ya komo yadda ya ke. In an jefa shi cikin randa sai ya yi ta yawo bisa ruwa, ko an danna shi ƙasa sai ya taso. Mun taɓa tambayar waɗansu 'yan makaranta ko da me a ke yinsa. Wani ya ce roba ce, wani ya ce totuwar wani irin kara ce. Ba wanda ya ce ɓawo, alhali kuwa ɓawon itace ne, ba a gauraya shi da kome ba.

Itacen nan ba ya fita a ƙasarmu. Wurinsa ƙasashen da ke yammacin Bahar Rum, watau Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, da waɗansu sassa na Italiya da Faransa. Masana suna kiransa Quercus suber. Yana son ƙasa mai rairayi da rani mai zafi, ruwan sama kuwa can da sanyi a ke yinsa, akasin namu. Yakan yi rassa ya baje kamar ɗorawa, yana da ganye rani da damina. A Maroko akwai babban kurminsa kusa da Rabat, ana ce da shi Mamora, mutanen wurin har sukan ci 'ya'yansa. Amma uwar wannan sana'a ita ce Fotugal, don wajen rabin abin da a ke samu a duniya duka daga can ya ke fitowa, yawancinsa daga lardin Alentejo a kudancin ƙasar.

To, kun san in an kewaye madaci an ɓare ɓawonsa sarai har an tad da farin itace, mutuwa ya ke yi. Dalili kuwa shi ne, abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo ya ke bi ya sauka zuwa saiwa, in an yanke masa hanya sai saiwa ta mutu da yunwa. Shi wannan itace ɓawonsa hawa biyu ne a rarrabe. Na ciki shi ne mai rai, shi ke ɗauke da abinci. Na waje, mai kauri, matacce ne, riga ce kurum Allah ya yi masa don tsare shi daga zafin rana da gobarar daji. Wannan riga ita a ke tuɓe masa. Muddin ba a ji wa na cikin rauni ba, sai ya sake yin wata. Mu ma muna da misalin haka, don masu tufka suna ɓare kuka, ta kuwa sake yin ɓawo.

Sai dai wannan noma na masu haƙuri ne ƙwarai. Ba a taɓa itacen sai ya yi shekara kamar 25, kuma a Fotugal doka ta hana a ɓare shi sai kewayen gindinsa, daidai ƙirjin mutum, ya kai santimita 70, watau wajen inci 27. Ɓawon farin nan kuwa duk tsagogi ne, ga tauri, ba ya yin toshiya, niƙa shi a ke yi. Sa'an nan a jira shekara 9, don doka ba ta yarda a gaggauta ba. Na biyun ya fi na farko, amma shi ma bai kai ba. Sai a na uku, itace yana da shekara 43 ko fiye, sa'an nan a ke samun ɓawo mai laushi, mai kaurin inci guda ko fiye, wanda ya isa a yanki toshiya ta kirki. Watau in mutum ya shuka yana saurayi, da ƙyar zai ga ribar da idonsa. 'Ya'yansa da jikokinsa ya yi wa. Amma daga nan itacen yakan rayu har shekara 200, a yi ta ɓare shi wajen sau goma sha biyar.

Ba a ɓarewa sai daga tsakiyar watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da itacen ke cikin tsiro, ɓawon waje yana rabuwa da na ciki ba wuya. Yawancin aikin da gatari a ke yinsa, mai faɗin baki, wanda aka fiƙe ƙarshen ƙotarsa. Ma'aikaci ya tsaga ɓawon a tsaye, ya yi wani yanka ya kewaye gindin ta bisa, sa'an nan ya cusa ƙarshen ƙotar ya ɓamɓaro shi falle-falle, wani fallen ya kai tsawon ƙyaure. Nan ne gwaninta ta ke. In gatari ya zarce ya shiga ɓawon ciki, wurin ya yi tabo ke nan, ba zai ƙara ba da ɓawo mai kyau ba. Don haka mai gona ba ya miƙa wa ɗan koyo gatari da sauri. Gindin da aka tuɓe yakan yi ja kamar an shafa masa jar ƙasa. Kafin su tashi sai su rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikinsa, don kada a yi gardama a kan lokacin da za a komo. Itacen da aka rubuta wa 5 a 2015, ba a sake taɓa shi ba sai 2024.

Fallayen nan a kan jibge su a fili wata shida, ruwa da rana su bi ta kansu, sa'an nan a dafa su cikin tafasasshen ruwa kamar sa'a guda don su miƙe, su yi laushi, datti ya fita. Daga nan a yanka su tsilla-tsilla, a huda da wani ƙarfe mai kamar bututu. In kun duba toshiya da kyau za ku ga waɗansu 'yan ramuka baƙaƙe a jikinta. Ta nan ne itacen ke shan iska. Masu hudawa suna lura su bar ramukan nan a gicciye, don in sun bi tsawon toshiyar, abin da ke cikin kwalaba zai yoyo.

Me ya sa ba ta nutsewa, ba ta kuma jiƙa? A 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa abin da ya gani sa'ad da ya yanko ɗan siririn falle nata ya duba da madubin ƙara girman abu. Ya ga ashe duk 'yan ɗakuna ne a jere kamar saƙar zuma. Sunan da ya ba su, mai ma'anar ɗan ƙaramin ɗaki, shi ne har yau a ke kiran ƙwayoyin halitta da shi da Turanci. A guntun da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa santimita ɗai-ɗai ne akwai 'yan ɗakunan nan wajen miliyan 40, kowanne a rufe, cike da iska, bangonsa kuwa da wani abu mai kama da kakin zuma wanda ruwa ba ya ratsawa. Shi ya sa nauyinta bai wuce rubu'in nauyin ruwa ba, zafi da sanyi da ƙara kuma ba sa ratsa ta da sauƙi.

Amfaninta ya wuce toshe kwalaba. Masuntan Bahar Rum tun zamanin da suna ɗaura ta a bakin taru don kada ya nutse, yadda namu ke yi da gora. A 1854 wani Kyaftin Ward na Ingila ya yi rigar ceto da guntayenta domin masu fita teku ceton jiragen da suka haɗu da hatsari; daga baya aka koma cusa audugar rimi, sa'an nan soson roba. Malafar nan da sojan Ingila suka riƙa sawa a ƙasashe masu zafi, da yawa da ita aka yi su. Tana cikin ƙwallon kurket, tana ƙarƙashin takalma. Ragowar da ta zuba wajen huda ba a yar da ita, niƙawa a ke yi a matse ta zama allo, a shimfiɗa a daɓe, ko a liƙa a bangon ɗakin sanyi, ko a kafa a makaranta a riƙa soka takardun sanarwa. Har jikin waɗansu rokoki masu zuwa sararin sama a kan liƙa ta don tsare su daga zafi.

Duk da haka kuɗin sana'ar yawancinsu daga toshiyar kwalaben giyar inabi su ke fitowa, nan kuwa aka sami matsala. Masu saye suka yi ta kukan wata toshiyar tana sa abin sha warin funfuna, har tun wajen 2000 masu yin giya da yawa a Ostareliya da Niyu Zilan suka koma murfin ƙarfe mai murɗawa, waɗansu kuma toshiyar roba. Masu toshiya suka kashe kuɗi mai yawa wajen gyaran dafuwa da gwaji. Abin tsoro a nan shi ne, in ɓawo ya daina kawo kuɗi, mai gona ba shi da dalilin jiran shekara arba'in. In kuwa kurmin ya tafi, makiyaya da tsuntsaye da ƙasar da inuwarsa ke riƙe da ita duk sun shiga uku, ga fari yana ƙaruwa a yankin. Fotugal ta hana sare itacen sai da izinin hukuma, a 2011 kuma majalisarta ta mai da shi itacen ƙasa.

Malamin da ke so ya nuna wa yaransa abin da Hooke ya gani ba ya bukatar kaya da yawa. Ya sami tsohuwar toshiya da sabuwar reza, ya yanko falle siriri har haske na ratsa shi, ya ɗora a gilashi ya duba ta gefen da ya fi siranta. In toshiyar ta bushe tana marmashewa, a jiƙa ta cikin ruwan zafi minti goma tukuna.