Hular Kwano da Gardamar Teburin Mai Shayi a Sabo

Gabatarwa

Ni Bayarabe ne, a makaranta na koyi Hausa. Saboda haka duk lokacin hutu nakan je Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa kusa da Mokola a Ibadan tun 1916, domin in wasa harshena. A wannan 'yar maƙala zan bayyana wata gardama da na tarar a can, da abin da na gano game da ita.

Yadda gardamar ta tashi

Wata safiya a teburin mai shayi, wani matashi ɗan achaɓa ya nuna mana tseren motoci na Amurka a wayarsa. Mota ta daki bango ta yi raga-raga, amma direban ya fito da ƙafarsa. Sai matashin ya ce, "Kun gani ko? Wanda kwanansa bai ƙare ba, ba ya mutuwa. Mu kuwa an dame mu da hular kwano." Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya ce, "Yaro, tambayi abin da direban ya saka tukuna." Da suka ga littafi a hannuna, dattijon ya ce, "Ɗan boko, raba mu." Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu."

Abin da ya faru a Amurka

Hukumar da ke shirya irin wannan tsere ita ce NASCAR, wadda aka kafa a 1948. Motocin suna da siffar motar gida, amma an yi wa direba kejin ƙarfe a ciki, kuma a wasu filayen gudunsu yakan kai kilomita 300 a awa. A shekarar 2000 direbobi uku suka mutu sakamakon karayar gindin ƙoƙon kai. Dalili shi ne, idan mota ta tsaya farat ɗaya, bel yana riƙe jiki, kai kuwa sai ya fizgu gaba.

A lokacin akwai wata na'ura mai suna HANS, wadda ake ɗorawa a kafaɗa a ɗaure ta da hular kwano don ta riƙe kai. Direbobi da yawa sun ƙi ta, wai tana takura musu. Cikinsu har da Dale Earnhardt, zakaran gasar har sau 7. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, ya daki bango ya mutu da irin wannan rauni. A watan Oktoba na shekarar aka wajabta na'urar riƙe kai da wuya. Daga nan aka shafe fiye da shekara 20 ba a rasa direba ko ɗaya a babbar gasar ba.

Mu dawo gida

Irin wannan jayayya aka yi a Nijeriya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta saka hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Masu babur suka ce hular tana da tsada da zafi. Fasinjoji kuma suna ƙyamar hular da kowa ya saka, wasu ma suna tsoron asiri. Har aka ga waɗanda suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. To amma aikin hular ba a bayanta kaɗai yake ba. Soson da ke ciki shi ne yake shanye ƙarfin bugu, igiyar haɓa kuma ta hana ta tashi. Ƙwarya ba ta da ko ɗaya.

Kalmomin da na tsinta

Ɗalibi ya lura da sunayen sana'ar: a Kano achaɓa, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu, a nan kudu okada. Ita kuwa "hular kwano" harɗaɗɗen suna ne, hula da kwano, wanda ya nuna yadda Bahaushe yake raɗa wa baƙon abu suna da kayan gidansa.

Kammalawa

Da na koma na ba su labari, matashin ya ce shi dai korafinsa na zafi da tsada yana nan. Gaskiya ne, domin su ma direbobin Amurka ba ƙarya suka yi ba da suka ce na'urar tana takura su. Dattijon ya kurɓi shayi ya ce, "Allah ya ce tashi in taimake ka. Mata da 'ya'yanka suna gida suna jiran abin da za ka aika." Matashin bai ce uffan ba, ya tayar da babur ɗinsa. Hular tana rataye a hannun babur, kamar kullum.