Ilektiron ɗaya tilo a hawa na huɗu

Fatar da ke fitowa daga gangunan jima a masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai shuɗi-shuɗi ce, amma ba a marina ta samo launin ba. Aikin kuromiyom ne, ƙarfen da Bafaranshe Vauquelin ya gano a 1797, wanda ya ture bagaruwa gefe a manyan majemu bayan Augustus Schultz ya yi rajistar hanyarsa ta jima a Amurka a 1884.

Duk ɗalibin kemistiri ya san tambayar nan: a wane mataki mafi nisa ilektiron ɗin sinadari ke zaune? Tun 1913 Niels Bohr ya ce hawa-hawa suke a ƙwayar zarra, kamar bene. Hanyar ganewa ba wuya: duba layin da sinadarin yake a jadawalin sinadarai. Sodiyam, mai lamba 11, yana layi na uku, rabonsa 2, 8, 1, hawansa na uku ke nan. Kalsiyam na farar ƙasar da ake jiƙa fata a ciki don cire gashi lambarsa 20, rabonsa 2, 8, 8, 2.

Kuromiyom kuwa ɗan taurin kai ne. Lambarsa 24, layinsa na huɗu, wanda ya haddace ƙa'ida zai rubuta 2, 8, 12, 2. Ainihin rabon 2, 8, 13, 1 ne, domin ƙarfin sashen 3d na hawa na uku da na sashen 4s na hawa na huɗu kusan ɗaya ne, sai guda ya koma ƙasa aka sami biyar a 3d. Amsar dai huɗu ce, ko da yake ilektiron ɗaya kacal ke riƙe da ita. (Mai dogaro da layi kaɗai ya kiyayi faladiyom: yana layi na biyar, hawa na biyar ɗinsa kuwa fayau.)

A ganina nan darasin ya kamata ya fita daga allo. Ilektiron ɗin hawa na huɗun shi ke fara tafiya. Idan biyu suka bi shi, an sami kuromiyom mai caji uku, wanda ke ɗaure zaruruwan fata ta daina ruɓewa. Idan shida suka fita daga hannun kuromiyom, an sami nau'in da ke jawo ciwon daji. Ƙona tarkacen fatar da aka jeme na iya mayar da na farko ya zama na biyu, haka ma haɗuwarsa da manganis a cikin ƙasa. Ruwan masana'antun Bompai kuwa ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, inda masu noman rani ke ban ruwan latas da alayyahu.